Ka sayi mota a Legas? Ga binciken da za a yi mata kafin ta hau titi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago kan ɗauka cewa da zarar an biya kuɗin mota, dillali ya miƙo makulli, to magana ta ƙare. Gaskiya a nan ma aikin yake farawa. Ko Tokumbo ce wadda muke ce wa Beljiyam, ko ta hannu, sai ta samu takardar shaidar lafiyar mota kafin doka ta yarda da ita a kan titi. A Legas kuma wannan takarda ba ta fitowa sai an ga motar da ido.

Tun watan Janairun 2022 gwamnatin Legas ta kafa ƙa'idar cewa babu takardar lafiya sai an duba mota. A da mutum kan ba ɗan kamasho kuɗi, ya kawo masa takarda har gida alhali motar ba ta motsa daga gareji ba. Yanzu idan ka biya, takardar turawa za a ba ka, ka kai motar ɗaya daga cikin cibiyoyin LACVIS, irin ta Ojodu, inda ake gwaji da kwamfuta. Takardar turawar tana da wa'adi a rubuce a jikinta, idan ya wuce ba ka je ba, jami'an VIO na iya tare ka.

Me ake dubawa? Ana ɗora motar a kan na'ura a gwada ƙarfin birki, har da na hannu. Ana duba sitiyari, shokozoba, daidaiton ƙafafu, fitilun gaba da na baya, sigina, hon, waifa, gilashi da bel. Ana auna hayaƙin salansa, a leƙa ƙarƙashin motar ko akwai tsatsa ko yoyon mai. Idan ta faɗi, za a ba ka takardar abin da ya lalace, ka gyara ka dawo da ita. Motar gida sau ɗaya ake yi mata a shekara, ta haya kuwa duk wata 6.

Taya ma na iya kayar da masu Tokumbo. Za ka ga zanenta bai cinye ba, amma ta tsufa a ajiye. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗin a bar amfani da tayar da ta haura shekara 4 da ƙerawa. Sannan ka tanadi safaya taya, jak, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa idan mota ta lalace a hanya.

Kafin ka biya kuɗin mota, akwai binciken da ya zama naka. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka gwada lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 da wadda ke takardar kwastan, su zo ɗaya babu kankara. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka idan aka ce maka motar ta biyo ta Seme daga Kwatano, ka yi hattara. Kwastan na iya kama ta ko a hanyarka ta zuwa gida da sallah, kuma ba ruwansu da cewa saya ka yi. Idan ta hannu ce, a rubuta yarjejeniyar ciniki, ka karɓi takardun asali, ka canja sunan mai mota zuwa naka a ofishin rajista. Barin sunan tsohon mai ita shi ke jawo rigima ranar da aka yi haɗari ko aka ce motar sata ce.

Sai inshora. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku, jabu zai ba ka. Ana iya tantance ta a intanet da lambar mota, a rumbun bayanai na NIID.

Wasu na cewa ai kotu ta hana VIO tare motoci. Hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke a Oktoban 2024 a kan Abuja ne, kuma gwamnatin Legas ta fito ta ce tana da dokarta ta sufuri ta 2018 wadda ta ba jami'anta iko. Mazauna Ibadan, Fatakwal, Onica da Benin kuma su tambayi ofishin VIO na jiharsu, domin kowace jiha da tsarinta da kuɗinta.

Ɗan'uwa, motar nan ita za ta ɗauki iyalinka daga Legas ta Ilori ko Lokoja har Kano ko Sakkwato, tafiyar kusan kilomita dubu. Takardar da aka saya a bayan fage ba ta tsayar da mota idan birki ya ƙwace. Ka ware rana guda, ka kai ta da kanka a duba. Allah Ya tsare hanya, Ya sanya albarka a abin hawa.