Samar da Lantarki daga Zafin Ƙarƙashin Ƙasa da Hanyoyin Rage Girgizar Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Mazaunin garin Potiskum ya san rijiyar burtsatse a matsayin hanyar jawo ruwa daga ƙasa. Akwai wata irin rijiya da ake tura ruwa cikinta domin ya ɗauko zafin duwatsu a samar da lantarki. Maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari a Jihar Bauchi, mai ɗumin kimanin digiri 31, shaida ce cewa akwai irin wannan zafi a yankinmu. Wannan maƙala za ta bayyana yadda aikin ke haddasa girgizar ƙasa da matakan rage ta.

2.0 Musabbabin Girgizar

Duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna da tsagogi waɗanda nauyi da gogayya suka danne. Idan aka tura ruwa da ƙarfi ya shiga tsaga, sai matsinsa ya sassauta wannan riƙo, ɓangarorin dutsen su zame, ƙasa ta motsa. Haka ta faru a birnin Basel na Suwizalan a Disambar 2006, inda girgiza mai ƙarfin maki 3.4 ta sa aka dakatar da aikin, aka soke shi a 2009. Ta Pohang a Koriya ta Kudu, ranar 15 ga Nuwamba, 2017, ta kai maki 5.4, ta raba jama'a da dama da muhallansu. Abin lura shi ne ta auku kimanin wata biyu bayan an daina tura ruwan.

3.0 Matakan Rigakafi

Mataki na farko shi ne binciken tsagogi kafin haƙa, a nisanci manyansu. Na biyu, a girke na'urorin auna motsin ƙasa tun kafin a fara. Na uku, a tura ruwan kaɗan-kaɗan bisa tsarin danja: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a sassauta, ja a tsaya. An gwada wannan kusa da Helsinki ta ƙasar Finlan a 2018, a rijiya mai zurfin kilomita 6, girgiza mafi ƙarfi ba ta wuce maki 1.9 ba. Sai dai misalin Pohang ya nuna tsarin danja kaɗai bai wadatar ba, tun da matsin ruwa kan ci gaba da yaɗuwa bayan an kashe famfo.

4.0 Kammalawa

An ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, don haka ba za a ce ƙasarmu ba ta da tsagogi masu motsi ba. Duk ranar da aka yi niyyar irin wannan aiki a Arewa maso Gabas, wajibi ne bincike da aune-aune su riga haƙa, a kuma sanar da mazauna wurin abin da ake ciki, domin rigakafi ya fi magani.