FUNFUNAR TUMATI A GARAKEN KANCE: DAGA KWARI ZUWA KWANDON ƊAN KASUWA

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance zuwa Matamaye tsakanin watan Janairu da na Maris, zai ga kwandunan tumati jere a bakin hanya suna jiran mota. Wannan albarka daga kwarurukan Korama take fitowa, inda ruwa ke kusa, wuraren Dungu da Tsauni da Ɗan Barto, inda ake noman rake da albasa da rogo da dankali. Tun da cutar kuturtar gyaɗa ta karya noman gyaɗa a 1975, sannan fari na 1984 ya sa gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a ga noman rani, garka ta zama rumbu na biyu ga talakan wannan gunduma. Sai dai wani kaso na abin da ake wahala a kai yana ruɓewa tun bai kai tukunya ba, kuma ɗaya daga cikin manyan masu laifin ita ce funfuna.

Kada mai karatu ya ɗauki maganar da wasa. Kance ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin gona. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga wannan yanki, waɗanda neman abinci ya fitar da su daga gida. Magidancin da garkarsa ta biya shi yana da hujjar tsayar da iyalinsa. Wanda rabin kwandonsa ya zama ruwa, da wane baki zai hana su tafiya?

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza, kuma iri-iri ce. Wadda ta fi suna a duniya masana na kiranta Botrytis, Faransawa kuma «pourriture grise», wato ruɓa mai launin toka. Tana kama tsirrai fiye da iri 200, ita ce ke hana masu gonakin inabi barci a Faransa. Alamarta ba ta ɓuya: fure ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa, kara ya yi miki, ɗan tumati ya yi laushi daga wajen hancinsa, bayan kwana kaɗan wani gashi-gashi mai kamar toka ya rufe shi. In aka taɓa sai ƙura ta tashi. Wannan ƙura ita ce irinta, iska da ruwa da hannun mutum ke ɗaukarta zuwa shuka ta gaba. Tana son sanyi, ma'aunin zafi 15 zuwa 23, da ganye mai kwana da lema. Akwai ƴar'uwarta Alternaria, mai yin baƙin tabo zobe-zobe a ganye da ƴaƴa, akwai kuma Rhizopus, wadda ke narkar da tumati cikin kwando in zafi ya taso.

A nan Allah ya ba mu abin da manomin Turai ke saye da kuɗi: busasshiyar iskar hunturu, wadda funfuna ba ta jurewa. Saboda haka duk inda aka ga ta yi ƙarfi a garka, a duba da kyau, lemar da take sha mu muka kai mata. Ana dasa tumati a cunkushe don ƙarancin fili, ganye ya haɗu da ganye har iska ba ta ratsawa. Ana ban ruwa da marece, daga sama, da butar ban ruwa ko tiyon inji. Dare ya yi, sanyin kwari ya sauko, raɓa ta ƙaru a kan ruwan da bai bushe ba, shukar kuma tana kwance ƙasa, ƴaƴanta cikin taɓo. Kafin hantsi ganyen ya yi awa goma sha biyu a jiƙe, irin funfuna kuwa ba ya bukatar fiye da haka kafin ya tsira.

To me mai garka ke yi in ya ga tabo? Ya nufi kasuwa, ko ya ƙetara Mai'aduwa, ya sayo kwalba. Mafi yawan abin da ke kan tebur ɗin masu sayar da magani na ƙwari ne, irin su piya-piya, alhali funfuna ba ƙwaro ba ce. Ya fesa sau uku, ya shaƙi guba, ya kashe ƙudan zuma, cutar na nan daram. A jikin kwalba akan rubuta «insecticide» ga maganin ƙwari, «fongicide» ga na funfuna, amma mutum nawa ne a kwari ke karanta Faransanci ko Ingilishi? Gaskiya ne ƙwari na da hannu a ciki, domin tsutsar Tuta absoluta, wadda aka fara gani a Nijar a 2013 kuma ta yi wa manoman Kano da Kaduna ta'adi a 2016, tana huda ƴaƴa, funfuna ta shiga ta ƙofar da aka buɗe mata. Amma kashe tsutsa ba ya warkar da abin da ya riga ya ruɓe.

Rigakafin ba ya cin jika ɗaya. A bar tazarar santimita 50 tsakanin shuka da shuka, a kafa mata kara ko sanda a ɗaure ta ta miƙe. A yi ban ruwa da safe, a gindi, ta cikin kwalbati. A shimfiɗa ciyawa busasshiya ƙarƙashinta. A riƙa cire ganyen ƙasa da rana tsaka, lokacin da mikin zai bushe da sauri. Abin da ya kamu a tsinke shi a hankali a zuba cikin buhu, a binne ko a ƙone. Jefar da shi bakin rijiya, kamar yadda aka saba, ajiye irin cuta ne don baɗi, domin funfuna na kwana cikin tarkacen shuka har wata shekara. Shi ya sa ake son fangalin da ya ɗauki tumati bana ya huta da shi, da dangoginsa tattasai da gauta da dankalin turawa, shekara biyu ko uku.

In lamarin ya kai ga magani, akwai masu ɗauke da jan ƙarfe, akwai mankozeb. Kare lafiyayyen ganye suke yi, don haka da farkon alama ake fesa su. Ya kamata a nemi malamin gona ya duba ko maganin na cikin waɗanda Kwamitin Sahel na magungunan feshi, da CILSS ta kafa a Bamako, ya amince da su, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Nacewa kan magani ɗaya ma kuskure ne: benomil ya fito a 1968, cikin ƴan shekaru Botrytis ta saba da shi a Turai.

Saura ƴan kasuwa, waɗanda su ne suka fi kuka, kuma a ganinmu su ne suka fi sakaci. Ana tsinkar tumati da asuba raɓa na jikinsa, a haɗa nunanne da fasasshe, a danna cikin babban kwando mai kaifin baki, a ɗora kwando bisa kwando, yaron mota ya hau ya zauna. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, amma na ƙasa ya riga ya fashe. Kwandon da ya ɗauko ruɓa jiya shi ake mayarwa garka yau ba wanki, bayan ɗan ruwan jabel da shanya a rana sun isa. Masu kai kaya daga Kano zuwa Legas wasunsu sun koma akwatunan roba masu ɗaukar kilo 25, waɗanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. Da tsada a sayen farko, shi ya sa sayensu ya fi dacewa da ƙungiya. Dillalin da ya ƙirga kwandunan da ya zubar cikin rani ɗaya ya san kuɗin akwati nawa ya binne a juji.

Ma'aikacin da ke sayen ruɓaɓɓen tumati da araha a ƙarshen wata shi ma ya sani cewa wasu nau'o'in funfuna na barin guba wadda tafasa ba ta kashewa. Haka kauɗa: in za a yanka a shanya, lafiyayye ake yankawa, bisa tabarma ko rumfa, nesa da ƙasa, a kwashe kafin raɓar dare ta sauka.