Ajiyar wasiƙun intanet da matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Malamin makaranta a Tasawa ko ɗan kasuwa a Mayahi, in ya buɗe akwatin wasiƙunsa a waya, asalin wasiƙun suna can kan wata babbar kwamfuta mai ajiya, sau da yawa a Turai ko Amurka. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda take zaƙulo wasiƙa ɗaya daga cikin dubbai.

Tsohon tsari, wanda ake kira mbox, ya samo asali daga Unix tun shekarun 1970. Dukan wasiƙun mutum a fayil ɗaya ake jera su, wannan bayan wannan. In an goge ta tsakiya, sai an sake rubuta duk abin da ya biyo bayanta. A tsakiyar shekarun 1990 Daniel Bernstein ya fito da Maildir: kowace wasiƙa da fayil nata. Ana fara rubuta ta a wurin jira, sai ta kammala a mayar da ita cikin sababbi. Ke nan ko wuta ta ɗauke, guntuwar wasiƙa ba ta isa ga mai ita.

Amma saurin nema daga fihirisa yake zuwa. Manhaja irin su Dovecot, wadda ta fito a 2002, tana riƙe da jerin lambobin wasiƙu, da masu aikowa, da kwanan wata. Wannan jeri waya take fara karɓa ta hanyar IMAP, abin da ke da amfani inda layi ba shi da ƙarfi. Don neman kalma kuwa, akan gina wata fihirisar: kowace kalma da lambobin wasiƙun da ta fito ciki.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, ta 1999, ta tsayar da ƴ, alhali abokin ciniki a Katsina 'y yake rubutawa. Ga fihirisa, ƴaƴa da 'ya'ya kalmomi biyu ne. Haka ƙafa da kafa, in wayar mai rubutu ba ta da ƙ. Faransanci ya huta, domin a tsarin Unicode é tana rabuwa zuwa e da alamarta. Ƙ ba ta rabuwa, sai an yi mata tanadi na musamman. In ba a yi ba, wasiƙa tana nan a ajiye, mai nema kuwa a ce masa babu.

Mu dai a ganinmu, a haɗe ƙ da k a cikin fihirisa kawai, a bar rubutun wasiƙar yadda mai shi ya yi shi. Mai neman ƙafa zai ga kafa ma, ya zaɓa da kansa.