Kiwon kaji a birni: tsakanin akurki da dokar gari

Tun daga Yamai har Damagaram babu garin da ba a jin carar zakara da asuba. A Maradi ko Tawa da wuya mutum ya shiga gida goma a jere bai tarar da kaza tana tone-tone a gindin katanga ba, ko zabi suna kai da kawowa bisa rufin ɗaki. Abu ne da kowa ya tashi ya tarar, shi ya sa jama'a da yawa ke mamaki idan aka ce masu hukuma tana da ta cewa a kan akurkin da ke cikin gidansu. Alhali kuwa tana da ita. Rashin sanin haka ya sa maƙwabta da dama sun daina gaisawa, waɗansu kuma sun yi asarar jarin da suka daɗe suna tarawa.

Bari mu fara ba kaza haƙƙinta. Kazar gida asusun mace ce. Takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta yi kwanci sau uku ko huɗu, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21. Zabuwa ba ta cika zama kan ƙwanta ba, don haka da damina akan sa wa kaza ƙwan zabi, ta kwanta a kai har wajen kwana 28. Ba ta neman kome sai dusa da tsaki da abin da ya zuba daga turmi. In baƙo ya sauka, ita ce tuwon dare. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, ko lokacin sayen kayan lakwal ya zo, ita za a kama a kai kasuwa. Wanda duk ya ce a hana kiwon kaza a birni kwata-kwata, bai san yadda ake rufa asiri a cikin gidajen talakawa ba.

To, amma birnin ne ya sake kama. Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, mutanen Yamai wajen 30.000 ne, a ƙidayar 2012 sun zarce miliyan ɗaya. Dā akan yanka wa magidanci fili mai murabba'in mita 600, yau kuwa ga masu 300, ga masu 200, ga kuma gidajen haya inda iyali biyar ko shida ke tarayya a tsakar gida guda, da famfo guda, da igiyar shanya guda. Gudel, inda gwamnati ta kafa tashar kiwon kaji, ƙauye ne dā a yamma da gari. Yanzu unguwa ce a cikinsa. Kazar da ke yawo a babban gida na gargajiya ba ta damun kowa. A fili mai mita 200, taku goma za ta yi ta faɗa cikin kwanon maƙwabci.

Kiwon shi ma ya sake kama, kuma nan ne gizo ke saƙar. Samari da suka ƙare karatu ba su samu aiki ba, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da matan da suka ɗauki adashi, sukan sayo ƴan tsakin kajin turawa 200 ko 300, su kafa rumfar kwano a bayan ɗaki. Niyya ce mai kyau, domin irin wannan kaza tana iya ba da ƙwai 250 ko fiye a shekara, ƙasa kuwa tana bukatar ƙwai da nama. Sai dai a yi lissafi. Kaza mai ƙwai takan ci wajen giram 120 a yini, kashin da take zubarwa kuma bai gaza haka da yawa ba. Kaji 300 ke nan suna tara kashi kusan kilo 35 kowace rana, wato fiye da tan guda a wata. Da rani yakan bushe, a daure. Da damina kuwa ya jiƙe, wari ya tashi har ido na yaji, ƙuda kuma ba ya bukatar fiye da kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai ya zama mai tashi. Buhunan abinci suna kiran ɓeraye, ruwan wankin kwanoni yana bin ƙarƙashin ƙofa ya kwanta bisa hanya. Mai kaji ya saba, hancinsa ba ya jin kome. Maƙwabcin da tagar ɗakin kwanansa ke kallon rumfar shi ke ji.

Doka ta daɗe da sanin wannan bambanci tsakanin kiwon cikin gida da na kasuwanci. Tun ranar 24 ga watan Mayu na 1966 aka kafa doka mai lamba 66-033 game da wuraren sana'a masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu takura wa maƙwabta. Manufarta ita ce kada a buɗe irin waɗannan wurare sai hukuma ta sani, mafi tsananinsu kuma a nisanta su daga gidajen mutane. Ranar 2 ga Maris na 1993 aka sa hannu bisa dokar tsabtar jama'a mai lamba 93-13, wadda ta yi magana a kan tsabtar gidaje da hanyoyi da ruwa da abinci. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari alhakin tsabta da kwanciyar hankalin mutanen garinsa, aikin da ya koma hannun kantomomi a 2024 lokacin da aka rushe majalisun. Sannan ga dokar tsarin birane ta 2017. Duk wanda ya sa waɗannan takardu gefe da gefe zai ga ba kaza suke gaba da ita ba. Abin da suke cewa shi ne: filin da aka yanka don zama, na zama ne, kuma ikon mutum a cikin gidansa yana ƙarewa daidai inda cutar maƙwabcinsa ta fara.

Akwai kuma maganar sakin dabbobi. Kowa ya san akuya ko tunkiyar da aka kama tana yawo a titi akan kai ta garken hukuma, sai mai ita ya biya kafin a sake ta. Ba a cika ganin ma'aikaci yana bin kaza da gudu ba, gaskiya ne, amma ɓarnarta ba ta fi ƙarfin a kai ƙara ba. Ta ci geron da aka shanya, ta tone irin da aka shuka, ta yi kashi bisa tabarmar salla. Wata rana sai a wayi gari an ga kaji biyar a mace, a ce an zuba masu guba, magana ta kai gaban mai unguwa. Hausawa sun ce kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. A nan dai laifin ba nata ba ne, na wanda ya buɗe mata ƙofa ne.

Abin da ya fi wari da faɗa nauyi shi ne ciwo. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magariya, cikin jahar Damagaram, makonni kaɗan bayan ɓullarta a jihar Kaduna ta Nijeriya. Ta sake bayyana a Maradi a 2015, da Yamai a 2021. In ta sauka a wuri, ba a tambayar kazar wa ce ta kamu: akan kashe na kewayen, a hana fita da kaji, mai laifi da marar laifi duk su yi asara. Ita kuwa annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ba ta jiran shekaru, kusan kowane hunturu tana zuwa, ta share akurki cikin ƴan kwanaki. Tana da rigakafi mai araha, akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido, amma sai an maimaita shi a kan lokaci. Mene ne amfanin mutum ɗaya ya yi wa kajinsa rigakafi, alhali maƙwabcinsa ya jefa mushen kaza a juji, karnuka da shirwa suna yawo da shi unguwa-unguwa? Mushe binne shi ake yi cikin rami mai zurfi ko a ƙone shi. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. In kuwa kaji suka soma faɗuwa da yawa rana ɗaya, kada a yi saurin yankawa a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan kiwo, su ne za su aika da abin gwaji zuwa LABOCEL a Yamai.

Yanzu kuma sai a juyo wajen hukuma, don ita ma da nata rabon. Dokokin nan duka da Faransanci aka rubuta su, suna kwance cikin jaridar hukuma wadda mai kiwo bai taɓa gani ba. Sau da yawa ranar da ya fara jin labarin doka ita ce ranar da sammaci ya iso, bayan ya riga ya zuba kuɗinsa a kwano da ƴan tsaki. Wannan ba daidai ba ne. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai hana kowace ma'aikatar magajin gari ta fito fili ta faɗa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu: kaji nawa mutum zai iya ajiyewa a gidan zama, daga nawa ne ya zama sana'ar da ke bukatar izini, tazara nawa za a bari tsakanin rumfa da katangar maƙwabci, wane ofishi za a je. A liƙa a ƙofar ma'aikata, a karanta a Muryar Sahel da ƙananan gidajen rediyo, a ba masu unguwanni su sanar. Yamai da Damagaram suna da gunduma biyar-biyar, Maradi uku, Tawa biyu. Bai kyautu a ce abin da aka ƙyale a wannan gefen titi a ci tararsa a wancan gefen ba.

Haka nan in ana yanka sababbin filaye, akan ware wurin kasuwa da makaranta da masallaci da maƙabarta. A tuna da masu kiwo su ma, a ware masu yanki a bakin gari, a kuma tsare shi. In ba haka ba, wanda ya bi doka ya fita bayan gari ya gina gidan kajinsa a fili fetal, bayan shekara goma sai ya ga gidaje sun kewaye shi, waɗanda suka zo daga baya kuma su ne za su kai ƙararsa.

Kafin a kai ga haka, mai niyyar kiwo kada ya sayi ɗan tsako ko ɗaya sai ya taka zuwa ma'aikatar magajin gari, ya ga masu kula da tsabta, ya ga likitan dabbobi, abin da aka gaya masa kuma ya nemi a rubuta masa shi a takarda. Ɗan haya ya fara da maigidan da ya ba shi ɗaki. Sannan ya shiga wajen maƙwabta ya yi masu sallama, domin wanda aka shawarta tun farko ya fi haƙuri bisa wanda wari ne ya sanar da shi. Akurki a kafa shi nesa da rijiya da madafa da tagogin mutane, kada a cusa fiye da kaji huɗu ko biyar a murabba'in mita, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako a ƙasa, a riƙa kwashewa kafin ya jiƙe. Kashin kuwa kada a zuba shi a magudanar ruwa. Masu lambu na bakin kogin Isa a Gamkalle da Saga, da na Gulbin Maradi, suna neman takin kaji, kuma buhu-buhu suke sayensa.