Sayayyar Gwaji a Ɓoye da Tanadin Kayan Masarufi Masu Jure Ajiya

Da zarar kaka ta kama, amfanin gona ya fara kwararowa kasuwanninmu na ƙauye, magidanta da dama kan ware wani kaso na abin da suka samu domin sayen hatsi da sauran kayan masarufi waɗanda za su riƙe iyali har zuwa tsakiyar damina. Wannan dabara ce da aka gada kaka da kakanni, domin kowa ya san cewa kwanon geron da aka saya a watan Nuwamba ba ya zama a kan farashinsa idan watan Yuli ya zo. Tsadar da aka shiga bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta ƙara fito da amfanin yin hakan, musamman da yake alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024.

Sai dai kuma lokacin da mutum ke sayen kaya da yawa a zama ɗaya shi ne lokacin da tauye mudu da algus suka fi yi masa ɓarna. Manufar wannan bayani ita ce fayyace wa jama'a, da kuma jami'an ƙananan hukumomi masu kula da kasuwanni, wata hanyar bincike da ake kira sayayyar gwaji a ɓoye, da dalilin da ya sa kayan da ke jure ajiya suka fi dacewa da ita.

Mene ne sayayyar gwaji a ɓoye?

Ita ce a aika mutumin da mai sayarwa bai san shi ba, ya je ya yi ciniki kamar kowane mai saye, ya biya kuɗi, ya ɗauki kayansa, sa'annan daga baya ya rubuta abin da ya gani, a kuma auna abin da ya sayo. A matsayinta na sana'a mai zaman kanta, an fara ta ne a ƙasar Amurka cikin shekarun 1940, inda bankuna da manyan kantuna suka riƙa ɗaukar mutane su je su gwada riƙon amanar ma'aikatansu. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa wasu fannoni. A shekarar 1982, Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa mutumin da aka aika ya nemi hayar gida domin gwaji kawai yana da damar kai ƙara idan an yi masa ƙarya saboda launin fatarsa. Har ila yau, masu binciken harkar lafiya suna amfani da ita a ƙasashe da dama wajen gano irin maganin da masu kemis ke miƙa wa wanda ya zo da ƙorafin zazzaɓi.

A can Amurka da Ingila, kamfanin da ya aiki mutum kan ba shi ɗan ladan da bai taka kara ya karya ba, ya kuma mayar masa da kuɗin abin da ya saya har zuwa wani adadi da aka ƙayyade. Saboda haka masu wannan aiki da yawa kan zaɓi kayan da ba sa lalacewa da wuri, irin su shinkafa da abincin gwangwani da sabulu, domin su tara a gida su rage kuɗin cefane.

Asalin tunanin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun sha karantar da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya tarar na ƙasa jiƙaƙƙe ne an rufe shi da busasshe, ya kuma tsawatar masa. Suratul Muɗaffifina ma a kan masu tauye awo ta fara. Abin da aka ƙara a zamanin nan shi ne rubutu da sikeli da ɗakin gwaje-gwaje.

Dalilin zaɓen kaya masu jure ajiya

Idan jami'i ya shiga kasuwa da rigar aiki, ko tare da Sarkin Kasuwa da dogarai, kafin ya kai layin 'yan hatsi kowane ma'auni ya ɓoye kwanon da aka bubbuge ya fito da cikakke. Amma magidancin da ya zo da buhunsa a kan babur yana neman kwano goma na dawa da galan ɗaya na manja ba ya ɗaga hankalin kowa, don kuwa irinsa sun cika kasuwar a wannan lokaci. Abin da aka auna masa shi ne ainihin abin da ake auna wa talakawa.

Bugu da ƙari, tumatir ko nama ba za su jira a kai su ofis a yi ta rubuce-rubuce ba, alhali gero da wake da gishiri da sukari za su zauna makonni yadda suke. Ana iya sake auna su a gaban mai kayan idan ya yi musu, ana iya ɗibar samfur a aika ɗakin gwaji, kuma idan an tabbatar ba su da aibu sai a miƙa su ga makarantar kwana ko asibitin yankin, kuɗin hukuma bai tafi a banza ba ke nan.

Batun awo shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Mudu da tiya ba su da girma ɗaya daga gari zuwa gari, kai har a cikin kasuwa guda akan tarar da kwanon saye daban da kwanon sayarwa. A Kano da kewayenta, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take, an saba lissafa kwano 40 a matsayin buhu, wato kimanin kilo biyu da rabi ke nan a kowane kwano idan buhun mai kilo 100 ne. To, a ƙaddara an bugi gindin kwanon ya shige ciki, ko an ɗiga masa kakin kyandir, ko an rage bakinsa, har ya zamana giram 100 ya ragu. Ido ba zai gane wannan ba. Amma a kwano 40 ragin ya kai kilo 4, wato fiye da kwano ɗaya da rabi. Mai sayen buhu biyar ya yi asarar kwano 8, abincin kwanaki ga ƙaramin gida. Haka kuma manomin da ya kawo hatsinsa aka auna da kwanon da aka buɗa shi ma an cuce shi, ta ɗaya ɓangaren. Don haka gwajin da ya tsaya ga saye kaɗai rabin aiki ne; ya kamata wani lokaci a aika mutum da hatsin da aka riga aka auna a sikeli ya je ya sayar, a ga kwano nawa za a ce masa ya kawo.

Abubuwan da mai gwaji zai lura da su

Bayan awo sai inganci. A hatsi, a cusa hannu har tsakiyar buhu a duba tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙwari da danshi. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa: a zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe yadda zai ajiyu ba. Hatsi mai danshi, musamman masara da gyaɗa, shi ke yin funfuna, wadda ke haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. A shekarar 2004 gurɓatacciyar masara irin wannan ta kashe mutum 125 a gabashin ƙasar Kenya, kuma dafuwa ba ta kawar da gubar.

Wake yana da tasa matsalar. Saboda tsoron ƙwari, wasu 'yan kasuwa kan yayyafa masa fiya-fiya, maganin da ba a yi shi domin a zuba kan abin da za a ci ba. Ragowar wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015. Waken da ke warin magani, ko wanda ya kwana biyu a buɗe cikin kasuwa amma ko ƙuda ba ya sauka a kansa, abin tuhuma ne, kodayake ɗakin gwaji ne kawai zai iya yanke hukunci. Haka abin yake ga manjan da jansa ya wuce kima, domin an sha kama wanda aka zuba wa rini.

Kayan kamfani kuwa sun fi sauƙin dubawa. A nemi lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, da ranar da aka yi kayan da ranar ƙarewar amfaninsu, a kuma lura ko an kankare ranar an buga wata. Tun shekarar 1993 doka ta wajabta sanya sinadarin ayodin a cikin gishirin ci domin rigakafin maƙoƙo, sa'annan daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki, abin da ake nunawa da tambarin ido a jikin kayan. Mai tanadin gishirin shekara ya sani cewa ayodin yana raguwa idan an bar gishiri a buɗe cikin rana ko danshi. Kananzir ma kada a raina shi: wanda aka gauraya da fetur ya sha fashewa a cikin fitila da risho ya ƙona iyalai.

Jan hankali ga jami'ai

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafa kasuwanni da kula da su, amma ya bar dokar awo da ma'auni a hannun Gwamnatin Tarayya. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya shi ke da ikon tantance sikeli ya buga masa hatimi, bisa dokar 1974. Koke-koken masu saye kuwa suna zuwa ne ga hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye a shekarar 2019, yayin da gurɓataccen abinci ke ƙarƙashin NAFDAC. Ma'anar wannan ita ce, jami'in kasuwa yana iya tattara shaida, ya zauna da Sarkin Kasuwa da shugabannin ma'auna a gyara abin da zai gyaru cikin lalama, amma abin da ya kai ga hukunci sai a miƙa shi ga hukumar da doka ta ba iko.

Shaidar kuma ba za ta tsaya ba sai an kiyaye ta. A rubuta rana da kasuwa da rumfa da farashi nan take bayan an fito, a ɗaure kowane kaya daban da lambarsa, a auna a gaban mutum biyu a kan sikelin da aka tantance. Saye ɗaya bai isa a kira mutum macuci ba, domin hannu kan yi kuskure; sai an maimaita a ranakun kasuwa daban-daban ta hannun mutane daban-daban. Mai gwaji ba ya tsokana, ba ya roƙon a sayar masa da haramtaccen abu domin ya samu abin kamawa.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kwaikwayon abin da ake yi a ƙasashen waje. Can kamfani ne ya yarda ma'aikacinsa ya tafi gida da abin da ya saya, a matsayin wani ɓangare na ladansa. Kayan da aka saya da kuɗin ƙaramar hukuma kuwa dukiyar jama'a ce, wajibi ne a shigar da su littafin sito a nuna inda suka tafi. A ganinmu, bai ma dace jami'i ya haɗa cefanen gidansa da sayayyar gwaji a fita ɗaya ba, ko da kuɗinsa ne, domin ranar da ɗan kasuwa ya gane shi ya cika masa kwano ya ƙara da gyara, daga ranar bakinsa ya yi nauyi.

Jama'a kuma su kula da saƙonnin waya da na intanet masu cewa ana ɗaukar masu sayayyar sirri, a turo kuɗin rajista ko lambar asusun banki. Wannan damfara ce da aka daɗe da sani a ƙasashe da dama. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya neman a fara biyansa.

Ajiyar abin da aka sayo

Magidanci ba ya buƙatar takardar izini kafin ya gwada abin da ya saya da kuɗinsa. Maƙwabta biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi su sayi sikelin rataye guda ɗaya, su fara da sayen kwano ɗaya ɗaya daga rumfuna uku, su auna a gida, kafin su koma su yi babban ciniki inda awo ya cika. Tanadin gida halal ne, kuma ya bambanta da ɓoye kaya a manyan sito domin jiran tsada.

Idan kaya sun iso gida, a ƙara shanya hatsi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a fara cin wanda ya riga shigowa. Ga wake, hanya mafi aminci ita ce buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka kuma yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga shekarar 2007. Ledoji biyun da ke ciki suna toshe iska, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba, muddin an ɗaure kowane ninki daban kuma ba a bar ɓera ya huda shi ba. Tsabtatacciyar jarka ko durom mai murfi da aka cika maƙil suna yin aiki irin wannan. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iskar guba, to ya nemi malamin gona na yankinsa ya nuna masa, kuma kada a taɓa ajiye buhun a ɗakin da mutane ke kwana. Sabulu da kananzir da maganin sauro a ware musu wuri daban, domin fulawa da sukari suna saurin ɗaukar wari.