Safayar Makulli a Hannun Baƙo

A watan Janairun 2022, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna David Colombo, mazaunin wani ƙaramin gari a jihar Bavaria ta Jamus, ya sanar da duniya cewa motocin Tesla sama da 25 a ƙasashe 13 suna tafin hannunsa. Ko a ido bai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ba. Amma daga kan kwamfutarsa yana iya buɗe ƙofofinsu, ya sauke gilasai, ya danna hon, ya ƙure sautin kiɗa, ya kashe kyamarorin da ke gadin mota idan an ajiye ta, ya kuma ga inda kowace take a daidai wannan lokaci. Har izinin tayar da mota ba makulli yana iya bayarwa. Sitiyari da birki da totur ne kawai hannunsa bai kai ba.

Ba katangar kamfanin Tesla ya haura ba. Masu motocin ne da kansu suka bar ƙofa a buɗe. Dukansu suna amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna TeslaMate, wadda ba kamfanin ne ya yi ta ba. Mutum kan ɗora ta a kwamfutarsa don ta riƙa rubuta masa tarihin tafiye-tafiyensa da cajinsa. Wasu sun ɗora ta suka bar ta tana kallon intanet ba kalmar sirri, ita kuma a wancan lokaci tana ajiye shaidar shiga motar a fili ba tare da ta lulluɓe ta ba. Colombo bai yi ɓarna ba, ya kai rahoto. Aka gyara manhajar, Tesla kuma ta soke dubban irin waɗannan shaidu a lokaci guda, mutane suka wayi gari sai sun sake shiga asusunsu daga farko.

Yadda abin yake ba shi da wuyar ganewa. Motar lantarki ta zamani tana da layin waya nata na kanta, kamar yadda wayar aljihu take da sim. Ta wannan layi take aika wa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta labarin halin da take ciki: cajin da ya rage, zafin batir, inda take, ko ƙofa a kulle take. Idan mai mota ya danna wayarsa yana so esi ya kama kafin ya fito daga ofis, galibi saƙon kan je wurin kamfani tukuna, kamfani ya isar wa mota. Manhajar da wani daban ya rubuta tana shiga tsakani ne ta hanyar karɓar wata doguwar lambar izini daga mai motar, wadda duk lokacin da ta nuna wa kwamfutar kamfani, sai a ɗauke ta tamkar shi ne ya zo da kansa. Kwamfutar ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Wanda duk ya riƙe lambar nan ya riƙe safayar makulli, ko yana maƙwabtaka ko yana wata nahiya.

To me zai sa mutum mai hankalinsa ya miƙa wa baƙo safaya, alhali kamfanin ya ba shi tasa manhajar kyauta?

Saboda manhajar kamfani rowar bayani gare ta. Takan nuna caji ya kai kashi 62, ta kulle ƙofa, ta kunna fitila, shi ke nan. Manhajoji irin su TeslaFi da Tessie kuwa suna riƙe lissafin kowace tafiya da kowane caji shekara da shekaru, su nuna wa mutum yunit nawa motarsa ta sha a wata, da yadda ƙarfin batirinsa ke raguwa idan an gwada shi da na sa'o'insa. A Better Routeplanner, wadda wani ƙaramin kamfani a Sweden ya ƙirƙira, tana tsara wa matafiyi inda zai tsaya caji da minti nawa zai yi a can, tana la'akari da hawa da gangara da sanyi da gudun da yake yi. Ta yi farin jinin da kamfanin motoci na Rivian ya saye ta a 2023. A Birtaniya ma kamfanin wuta ne ke neman safayar. Mai hulɗa da Octopus Energy yakan jona mota da yamma, ya faɗa a waya cewa yana son kashi 80 da ƙarfe bakwai na safe, ya je ya kwanta. Kamfanin ne zai zaɓi sa'o'in da wuta ta fi araha ya kunna cajin ya kashe, a farashin da bai kai sulusin na rana ba. Mutumin da ya saba da mitar kati ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan daɗin wannan.

Akwai kuma wani rukunin manhajojin da ba ruwansu da kwamfutar kamfani, kuma a nan ne amfanin ya fi fitowa fili. A ƙarƙashin sitiyarin kusan kowace mota akwai wata kafa mai ramuka 16, wadda Amurka ta wajabta tun 1996. Ita ce makanike ke jonawa idan ya ce zai sa wa mota kwamfuta. Masu Nissan Leaf sukan sayi wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana ba, su soka ta a kafar, su haɗa ta da waya ta Bluetooth, su buɗe manhajar da ake kira Leaf Spy. Nan take fuskar wayar za ta cika da siraran sanduna 96 a jere kamar karan shinge, kowace sanda tana nuna ƙarfin tagwayen ƙwayoyi guda a cikin batirin. A lafiyayyen batir kawunansu kusan daidai suke. Idan ɗaya ta nutse ƙasa da 'yan'uwanta, musamman lokacin da caji ya yi ƙasa ko an taka totur a kan hawa, to ga mai ciwon nan, kuma ita ce za ta riƙa tsayar da motar tun sauran ba su gaji ba. A gefe ga lambar lafiyar batir cikin ɗari, ga zafinsa, ga adadin sau nawa aka yi masa cajin gaggawa tun ranar da ya bar masana'anta.

Allon gaban direba ba ya faɗin yawancin waɗannan. Kan lafiyar batir, sanduna 12 kawai yake nunawa, kuma ta farko ba ta ɓacewa sai batir ya rasa wajen kashi 15 na ƙarfinsa. Ke nan mota biyu za su iya tsayawa gefe da gefe a wurin dillali, kowace da sandunanta 12 cif, ɗaya sabuwa dal a ciki, ɗaya tana bakin faɗuwa. Shi ya sa a New Zealand, inda ake shigo da Leaf na hannu daga Japan da yawa, masu tallar mota kan saka sakamakon Leaf Spy a cikin tallar, mai saye kuma ya fi duba shi fiye da fenti.

Batirin tsofaffin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, iska kawai yake dogaro da ita. A 2012 masu motar a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda rana ke dukan ƙasa ba sassauci, suka fara ganin sandunansu na zubewa tun motar ba ta shekara biyu ba, har sai da Nissan ta fito da garanti na musamman kan ƙarfin batir. Wannan labari ya shafi duk wanda ke zaune inda zafin bazara ke haura digiri 40. A Sakkwato aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023 masu tambayar farashin motar lantarki suka ƙaru. Mafi yawan motocin da ke shigowa wannan yanki na hannu ne, batir kuma shi ne kashi mafi tsada a jikin irin wannan mota. Dabarun da aka saba da su, a saurari kukan inji, a duba hayaƙi, a shinshina baƙin mai, babu wadda za ta yi aiki a nan.

Sai dai manhajar da ke bi ta intanet tana da wata ƙaramar illa da kan ba sabon shiga haushi. Mota idan an ajiye ta takan yi barci, ta kashe kwamfutocinta don tattalin caji. Manhajar da ba a rubuta ta da kyau ba kuwa kamar yaro mai naci take, kowane minti sai ta taɓa motar ta tambaye ta caji nawa ya rage. Motar ba za ta runtsa ba. Mutum ya bar ta a filin jirgi mako guda, ya dawo ya tarar cajin ya zube ba tare da taya ta juya ba.

Kamfanonin mota sukan fake da irin labarin Colombo su ce tsaro ne ya sa ba sa son baƙi a harkar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma su ma rigarsu ba fara ba ce. A 2016 masanin tsaron intanet Troy Hunt, yana zaune a Ostireliya, ya kunna na'urar ɗumama wata Leaf da ke Ingila, ta abokin aikinsa Scott Helme, ya kuma karanta tarihin tafiye-tafiyenta. Abin da ya bukata kawai lambar jikin motar, wadda ke rubuce a gindin gilashin gaba kowa na gani. Manhajar Nissan ce ta kanta, kuma dole kamfanin ya rufe ta na wani lokaci. A ƙarshen 2024 mujallar Der Spiegel da ƙungiyar Chaos Computer Club suka fallasa cewa bayanan motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen sun yi watanni a sarari, fiye da rabinsu har da ainihin wuraren da ake ajiye su. Wanda ya san inda mota ke kwana da inda take yini ya san gidan mai ita da wurin aikinsa, da wasu wuraren da ƙila ko iyalinsa ba su sani ba.

Na General Motors ya fi ciwo, don shi ba kuskure ba ne. A 2024 jaridar New York Times ta ba da labarin wani mai motar kamfanin, Chevrolet Bolt, da kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 bai yi hatsari ba. Da ya bi sawu sai aka miƙo masa rahoto mai shafi 258 daga wani kamfanin dillancin bayanai, an rubuta kowace tafiya, da duk inda ya taka birki da ƙarfi ko ya fizgi mota. Motarsa ce ke kai tsegumi, kamfanin da ya ƙera ta yana miƙawa gaba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta shiga maganar, ta nemi a hana kamfanin irin wannan mu'amala har shekara biyar.

Shekara da shekaru Tesla ta kau da kai tana kallon masu manhajoji suna shiga ta hanyar da suka gano da kansu. A Oktoban 2023 ta buɗe musu ƙofa a hukumance, kuma tsarin ya fi na da aminci: mai mota ba ya ba kowa kalmar sirrinsa, yana iya barin manhaja ta karanta bayani kawai ba ta ba da umarni ba, wadda za ta ba da umarni kuma sai an saka makullinta a jerin makullan motar, inda za a iya goge shi da danna yatsa. Sai kuma kuɗi ya biyo baya. Daga farkon 2025 kowane motsi da farashinsa, tashin mota daga barci sau 50 dala ɗaya. Masu manhajoji da dama suka koma suka sake gini don rage yawan tambayar da suke yi wa mota. Mazda kuwa ko ciniki ba ta tsaya yi ba. A watan Oktoban 2023 ɗin dai ta aika takardar lauya kan wani ɗan sa-kai da ya rubuta hanyar haɗa motocinta da manhajar sarrafa kayan gida ta Home Assistant, aikin da ya yi kyauta, shi kuma ya janye shi don ba shi da ƙarfin shari'a da kamfani.

Abin da masu motoci suka fara ganewa shi ne, sun biya kuɗin ƙarfe da taya, amma igiyar da ke tsakanin wayarsu da motarsu aro ce. A watan Agustan 2024 Nissan ta kashe manhajarta ga tsofaffin Leaf da aka ƙera kafin 2016 a Birtaniya, saboda layin 2G da suke amfani da shi ya kusa ritaya. Motocin lafiyarsu lau, amma ɗumama su daga cikin ɗaki a safiyar hunturu ya ƙare. Mafitar da ta rage wa mai son dawo da wannan ita ce ta baƙin da ake gudu: wata na'ura mai suna OVMS, aikin 'yan sa-kai, wadda ake jona ta a kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari da sim ɗinta daban, ta yi magana da wayar mai mota ba tare da ta bi ta wurin kamfani ba. Tarayyar Turai ta sa baki da wata doka kan bayanai da ta fara aiki ranar 12 ga Satumban 2025, wadda ta ba mai amfani da na'ura mai haɗe da intanet, har da mota, 'yancin karɓar bayanan da take tarawa, ya kuma miƙa su ga wanda ya ga dama. Dokar iyakarta Turai.

Motar da ta tsallako teku ta hannu kuwa takan zo da tarihinta a maƙale. Layin wayar da ke cikinta na ƙasar da aka fara sayar da ita ne, ba lallai ya kama a sabon gida ba, idan kuma bai kama ba duk manhajar da ke bi ta intanet ta zama ado, sai dai 'yar na'urar kwalin ashana. Idan ya kama, sai wata tambayar ta taso: sunan wa motar take ɗauke da shi a wurin kamfani? A Tesla, allon motar yana da shafin da ke jera duk makullan da ta yarda da su, katuna da wayoyi da manhajoji. Mai saye da ya buɗe shafin a ranar farko yana iya tarar da wayar tsohon mai ita har yanzu a ciki, ƙarƙashinta kuma sunan wata manhaja da shi bai taɓa jin labarinta ba.