Tsabar kuɗin Kelt

Tsabar kuɗin Kelt kuɗaɗe ne na zinariya, azurfa da tagulla da ƙabilun Kelt suka riƙa bugawa a yankunan da yau suke Faransa, Beljiyam, kudancin Jamus da Birtaniya, daga wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa lokacin da Romawa suka ci ƙasashensu.

Zane

Da farko sun kwaikwayi kuɗin zinariya na Sarki Filip na II na Masidoniya, mai kan gunkin Apollo a fuska ɗaya, keken dawaki a ɗayar. Sannu a hankali kan ya rikiɗe ya koma tarin gashi da ganye, gaɓoɓin dokin kuma suka warwatse. A Armorika, arewa maso yammacin Faransa, dokin har kan mutum gare shi. Sarki Cunobelin na Camulodunum, wato Colchester ta yanzu, ya sa zangarniyar hatsi da haruffan CAMV a kuɗinsa.

Yanayi

Da guduma ake buga yawancinsu, kuma sau da yawa hatimin ya fi ƙwayar ƙarfen faɗi, shi ya sa wani sashen zanen kan faɗa waje. Saboda haka masu tarawa sun fi neman wanda dokinsa ya fito cikakke, ko sunan sarkin yake karantuwa. Gogewa don ya yi ƙyalli kuwa darajarsa take ragewa.

A 2012 an tono kusan 70,000 a dunƙule a tsibirin Jersey.